BABI NA UKU: ZAƁEN SARBO DA SAMAR MASA DA WUTA A MAZAUNIN KYAMARAR JIRGI MARAS MATUƘI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sassan jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu da kuma yadda yake tashi. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne ga wata 'yar ƙaramar na'ura da ba a cika kula da ita ba, alhali ingancin hoton da jirgin zai ɗauko a kanta ya rataya, wato sarbo. Za a duba ma'anarsa da yadda yake aiki, sannan a kawo ma'aunan zaɓensa, daga nan sai hanyoyin ba shi wuta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, zaɓen sarbo da tsara wutarsa lissafi ɗaya ne, kuma a tare ake yin su. An ɗauki ƙasar Achika a matsayin wurin da za a riƙa gwada bayanan, domin ba a zaɓen kayan aiki sai an san aikin da za su yi da kuma inda za su yi shi.

3.1 Wurin Aiki da Irin Hoton da Ake Buƙata

Achika ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano. Garin Wudil yana kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, kuma ya yi suna saboda kasuwarsa ta ranar Juma'a da kuma kogin da ya ratsa shi. A nan ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha take, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Noma shi ne babbar sana'ar mutanen ƙauyukan wannan yanki: gero da dawa da gyaɗa da wake a tudu, sai kuma kayan lambu a fadamu lokacin rani.

Gonakin wannan yanki yawanci ƙanana ne, saboda rabon gado da ake yi musu daga kaka zuwa jika. Iyakarsu kuma ba ta wuce layin gamba ko wata bishiya ko 'yar kunya da aka bari tsakanin maƙwabta. Saboda haka hoton da zai yi amfani a nan shi ne wanda aka ɗauka kyamara tana kallon ƙasa sosai, ta yadda za a iya auna faɗin gona, ko a gane inda tsiro ya ƙi fita, ko a ƙiyasta ɓarnar da ruwa ya yi bayan ambaliya.

A nan ne matsalar take. Jirgi mai farfela huɗu ba ya iya matsawa gaba ko gefe sai ya karkata, haka kuma ba ya iya tsayawa cikin iska sai ya jingina da ita. Idan an ɗaure kyamara a jikinsa kai tsaye, to duk inda ya karkata ita ma ta karkata. Lissafi ya nuna cewa idan jirgi yana nisan mita 100 daga ƙasa, karkatar digiri 1 tak tana kawar da tsakiyar hoto da mita 1.75. Idan karkatar ta kai digiri 10, wanda abu ne mai sauƙin faruwa cikin iskar hunturu, kaucewar takan kai mita 17.6. Wannan tazara ta isa ta sa a nuna iyakar wani a cikin gonar wani, kuma sanin kowa ne cewa rikicin iyakar gona ba ƙaramin abu ba ne a gaban dagaci ko alƙali.

3.2 Mazaunin Kyamara

Mazaunin kyamara, wanda masu sana'ar ke kira gimbal, wani firam ne mai gaɓoɓi da ake rataya kyamara a ciki, yana juyawa akasin karkatar jirgi domin kyamara ta ci gaba da kallon wuri ɗaya. Wanda ya taɓa riƙe kaza ya jujjuya jikinta zai lura kanta yana nan tsaye bai motsa ba. To, aikin da wuyan kaza yake yi shi ne mazaunin yake kwaikwayo.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su yi wannan aiki. Na farko shi ne ma'aunin karkata, kamar wanda ake kira MPU6050. Na biyu ita ce ƙwaƙwalwar jirgi, wadda take karɓar awon ta lissafa gyaran da ya kamata. Na uku shi ne abin da zai juya gaɓar, wato ko dai sarbo ko kuma moto maras burushi. Daga wajen 2013, lokacin da kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da mazaunin Zenmuse na kyamarar GoPro, moto maras burushi ya mamaye fagen ɗaukar fim, domin motsinsa ya fi santsi. Duk da haka sarbo bai rasa gurbinsa ba. Yana da araha, ƙwaƙwalwar jirgi mai aiki da manhajar ArduPilot tana iya sarrafa shi ba tare da ƙarin wani allo ba, kuma idan ya lalace mai gyaran rediyo zai iya buɗe shi ya gane abin da ke ciki. Ga hoton gona, wanda ɗai-ɗai ake ɗauka, gaɓoɓi biyu sun wadatar: ɗaya ta gyara karkatar gaba da baya, ɗaya kuma ta gefe da gefe.

3.3 Ma'anar Sarbo da Yadda Yake Aiki

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, inda take nufin bawa. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Joseph Farcot ya yi amfani da ita a 1873 wajen bayanin injin da yake juya sitiyarin jirgin ruwa. Sunan ya dace, domin sarbo umarni yake bi: a ce masa ya tsaya a kusurwa kaza, ya je ya tsaya, ya kuma yi ta riƙe wurin ko da ana tura shi.

A cikin ɗan akwatinsa akwai abubuwa huɗu: ƙaramin moto, da jerin giya masu rage gudu su ƙara ƙarfi, da wani maɓalli irin na ƙara muryar rediyo wanda yake juyawa tare da hannun sarbo yana faɗin inda hannun yake, sai kuma ɗan allon lantarki mai kwatanta inda aka ce a je da inda ake. Muddin akwai bambanci tsakanin biyun, allon zai ci gaba da tura wuta ga moto har sai bambancin ya gushe.

Wayoyi uku ne suke fita daga jikinsa: ja ta wuta, baƙa ko ruwan ƙasa ta nagetif, sai fara ko ruwan lemo ta umarni. Umarnin yana zuwa ne a matsayin bugun wuta sau 50 a sakan ɗaya, wato duk bayan milisakan 20. Tsawon bugun shi ne saƙon. Bugu mai tsawon milisakan 1.5 yana nufin tsakiya, na milisakan 1 ƙarshen gefe ɗaya, na milisakan 2 kuma ƙarshen ɗaya gefen. A yawancin sarbo wannan tazara tana ba da juyi na kimanin digiri 90.

3.4 Ma'aunan Zaɓen Sarbo

3.4.1 Ƙarfin Murɗawa

Wannan shi ne abin da mai saye yake fara dubawa, ana kuma rubuta shi da kilo-santimita. Sarbo mai kilo-santimita 2 zai iya riƙe nauyin kilo 2 a nisan santimita 1 daga sandarsa, ko kilo 1 a nisan santimita 2. Alal misali, a ƙaddara kyamara da firam ɗinta sun kai giram 200, tsakiyar nauyinsu kuma ta kauce wa sandar juyi da santimita 3. Ƙarfin da ake buƙata shi ne 0.2 sau 3, wato kilo-santimita 0.6. Sai dai adadin da kamfani yake rubutawa shi ne ƙarfin da sarbo yake kai wa a lokacin da ya cije ya kasa motsi, don haka ba a dogara da shi dukkansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ninka buƙata sau uku, wanda a wannan misali zai ba da 1.8.

Idan aka duba nau'o'i uku da suka fi yawa a hannun ɗalibai, za a ga SG90 yana da nauyin giram 9 da ƙarfin 1.8, giyarsa ta roba ce. MG90S yana da nauyin kimanin giram 13 da ƙarfin 1.8 zuwa 2.2, giyarsa ta ƙarfe. MG996R kuwa giram 55 ne, ƙarfinsa kuma 9.4 zuwa 11. Mai gaggawa zai ce a ɗauki babban a huta, amma guda biyu nasa giram 110 ke nan, alhali MG90S biyu ba su wuce giram 27 ba. Wannan bambanci na giram 83 jirgi ne zai ɗauke shi a kowane tashi, ga kuma wutar da babban zai ja, kamar yadda za a gani a gaba. A irin wannan ne Bahaushe yake cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Hanya mafi sauƙi ta rage buƙatar ƙarfi ita ce daidaita nauyi. Kafin a haɗa sarbo, sai a riƙa matsar da kyamara a cikin firam har sai ta kai ga duk kusurwar da aka sake ta tana tsayawa da kanta. Idan kaucewar ta ragu daga santimita 3 zuwa rabin santimita, buƙatar ta sauko daga 0.6 zuwa 0.1 ke nan, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

3.4.2 Sauri

Ana auna saurin sarbo da lokacin da yake ɗauka ya juya digiri 60 ba tare da kaya ba. SG90 da MG90S sukan yi shi cikin kimanin sakan 0.1, MG996R kuma cikin 0.17 a kan bolt 4.8. A nan ma ƙaramin ya fi babban. Sai dai akwai wani jinkiri da ba a rubutawa a jikin kwali. Tun da umarni duk bayan milisakan 20 yake zuwa, idan iska ta bugi jirgi yana karkata da saurin digiri 50 a sakan, to kafin sabon umarni ya iso ya riga ya karkata da digiri 1. Sarbo na dijital yana rage wannan matsala, domin da yawa daga cikinsu suna karɓar umarni har kimanin sau 300 a sakan, suna kuma riƙe wuri da ƙarfi fiye da na gargajiya. Ladan wannan kuwa shi ne ƙarin cin wuta.

3.4.3 Daidaito

Ga aikin awon gona, wannan ma'auni ya fi sauran muhimmanci. Kowane sarbo yana da wata 'yar tazara da idan canjin umarni bai wuce ta ba, ba zai motsa ba. An yi haka ne da gangan domin kada ya yi ta rawa a wuri ɗaya. A masu araha tazarar takan kai maikrosakan 5 zuwa 10. Tun da maikrosakan 1,000 ne suke ba da digiri 90, to maikrosakan 10 daidai suke da digiri 0.9, wato kusan mita 1.6 a ƙasa daga nisan mita 100. Bugu da ƙari akwai sakin da ke tsakanin haƙoran giya, wanda ake ji idan an kama hannun sarbo an girgiza shi. Giyar ƙarfe ta fi jure bugu, amma sakinta yakan ƙaru idan ta tsufa.

Ana iya rage wannan aibi ta hanyar haɗa sarbo da firam da bel ko sanda, ta yadda idan sarbo ya juya digiri 2 kyamara za ta juya digiri 1. Yin haka yana raba kuskuren gida biyu, ya kuma ninka ƙarfin, amma sauri da faɗin juyi sukan ragu da rabi. Tun da kyamarar gona ba ta buƙatar juyi mai faɗi, wannan ciniki ne mai riba.

3.4.4 Yanayin Wuri

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan cika sararin ƙasar Kano, ga kuma rairayin da farfela take tayarwa a lokacin tashi da sauka a gona. Idan ƙura ta shiga ta gauraya da man giya sai ta zama kamar sanfefa, idan kuma ta hau maɓallin da ke faɗin matsayi sai sarbo ya fara karkarwa. Don haka ya kamata a fifita mai rufin roba a bakin sanda, a kuma riƙa tashi daga kan tabarma ko katako. Har ila yau akwai jabu da yawa masu ɗauke da sunayen da aka ambata. Araha ba ta ado, saboda haka kafin a ɗora kowane sarbo a jirgi, sai a rataya masa nauyin da aka sani a ga ko zai riƙe.

3.5 Samar da Wuta

3.5.1 Abin da Sarbo Yake Buƙata

Yawancin ƙananan sarbo suna aiki ne da bolt 4.8 zuwa 6. Batirin jirgi kuwa, irin na lipo mai sel uku, bolt 11.1 ne, idan ya cika kuma 12.6. Haɗa su kai tsaye ƙone sarbo ne nan take. Ke nan dole a sa na'urar rage wuta a tsakani, wadda ake kira BEC.

Abin lura a nan shi ne, sarbo ba ya jan wuta bai ɗaya. Yana zaune kusan ba ya cin komai, amma da zarar ya fara motsi, ko ya juya baya ba zato, ko wani abu ya tokare shi, sai ya ja mai yawa a lokaci guda. MG996R yakan ja har amfiya 2.5 idan ya cije, biyu kuma amfiya 5 ke nan. Sarbon mazauni ba ya hutawa, domin gyara yake yi tun daga tashi har sauka, kuma iska ɗaya ce take buga gaɓoɓin biyu a tare. Wannan ya sa ake auna girman BEC da jimillar wutar cijewa, a kuma ƙara wani abu a kai. Game da jimillar abin da sarbo yake sha daga batir kuwa, ba abin damuwa ba ne. Batir mai miliamfiya 2,200 yana ɗauke da kimanin wat-awa 24, kuma kusan dukkansa farfeloli ne suke cinyewa.

3.5.2 Nau'o'in BEC

Nau'i na farko shi ne mai ƙone rara, kamar 7805 da kowane mai gyaran rediyo ya sani. Yana rage wuta ne ta hanyar mayar da rarar zafi. Idan batir yana bolt 12.6, ana son 5, ana kuma jan amfiya 1, zafin da zai fitar shi ne 7.6 sau 1, wato wat 7.6, alhali abin da ya isa ga sarbo wat 5 ne kawai. Abin da aka zubar ya fi abin da aka mora. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yakan kai digiri 40, irin wannan na'ura ba ta daɗewa take kai iyakarta ta kashe kanta.

Nau'i na biyu shi ne mai yanka wuta, wanda yake kunnawa da kashewa sau dubbai a sakan, ya fitar da abin da ake so ba tare da zafi mai yawa ba. Shi ake sayarwa da sunan UBEC, kuma shi ya dace da wannan aiki. Mai amfiya 3 ya ishi ƙananan sarbo biyu, amma manya biyu sai mai amfiya 5 zuwa sama. Aibinsa shi ne yakan haifar da hayaniyar lantarki, don haka ake nisanta shi da eriya da kuma kamfas ɗin jirgi.

3.5.3 Haɗarin Tarayya a Wuta Ɗaya

Kuskure mafi tsada shi ne a ciyar da sarbo daga layin da ƙwaƙwalwar jirgi da rasiba suke sha. Idan sarbo ya ja wuta da ƙarfi, bolt 5 ɗin yakan faɗi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta mutu ta sake tashi, kuma kafin ta farfaɗo jirgin ya riga ya iso ƙasa. Asarar ba ta tsaya ga jirgi da kyamara ba, domin yana iya faɗawa kan mutum ko dabba ko rumbu, batirin lipo kuma yakan kama wuta idan ya fashe. Saboda irin wannan ne aka ƙera ƙwaƙwalwar Pixhawk ta yadda ba ta ba layin sarbo wuta da kanta, sai an kawo masa BEC nasa daban.

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da waɗannan ƙa'idoji:

(a) Sarbon mazauni ya sami BEC nasa shi kaɗai.
(b) A haɗa nagetif ɗin BEC da na ƙwaƙwalwa, domin idan babu wannan haɗi sarbo ba zai fahimci bugun umarni ba.
(c) Kada a haɗa jajayen wayoyin BEC biyu masu yanka wuta a layi ɗaya.
(d) A sa kafasita mai maikrofarad 470 zuwa 1,000 kusa da sarbo, domin ta cike giɓi a lokacin fizga.
(e) Wayar wuta ta zama gajera mai kauri, a kuma bar mata saki a wurin gaɓa don kada ta ja firam.
(f) A saita iyakar juyi a manhaja, ta yadda hannun sarbo ba zai taɓa tokarar firam ya cije ba.

3.5.4 Gwaji Kafin Tashi

Bayan an gama haɗi, sai a cire farfeloli, a jona mita a layin sarbo, a ɗauki jirgi a hannu a yi ta karkata shi da sauri na tsawon minti 10, wato kwatankwacin tashi ɗaya. Idan wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.8, ko BEC ya yi zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba, ko sarbo yana ƙugi alhali jirgi yana ajiye, to akwai gyara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shi kuma batir, kada a bar kowane sel ya sauka ƙasa da bolt 3, kada kuma a ajiye shi cikin rana ko cikin mota a rufe.

Ya kamata kuma a tuna cewa tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Haka nan tsakar gidan Bahaushe a buɗe take ta sama, kyamarar da aka daidaita ta kalli ƙasa kuwa duk abin da ke ƙarƙashinta take ɗauka. Don haka sanar da dagaci da masu gonaki, da kauce wa bi ta saman gidaje, suna cikin sharuɗɗan aikin.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa karkatar digiri 1 tana jawo kuskuren mita 1.75 daga nisan mita 100, kuma wannan adadi shi ne ma'aunin da aka auna sauran abubuwa da shi. An nuna cewa ga kyamara mai nauyin giram 200 da aka daidaita ta sosai, ƙaramin sarbo na dijital mai giyar ƙarfe ya fi babba dacewa, saboda sauƙin nauyi da sauri da ƙarancin fizgar wuta. An kuma nuna cewa girman sarbo shi yake yanke girman BEC, kuma raba wutarsa da ta ƙwaƙwalwa shi yake tsare jirgin daga faɗuwa. Babi na gaba zai duba yadda ake ƙera firam ɗin mazaunin da kayan da ake iya samu a Kano, da kuma yadda ake hana karkarwar farfela isa ga kyamara.